Ruwan da Muka Kai Birni

Shekara goma sha ɗaya na yi ina korar yara daga tur'a. Tur'a ita ce babbar hanyar ruwan da ta ratsa bayan ƙauyenmu, can gefen garin Suki, tana shayar da gonakin auduga da dawa. A cikinta mata ke wanki, a cikinta ake wanke jaki, a cikinta yara ke wuni da zarar zafi ya taso. Ni kuwa malamin aji shida ne, ina koyar da kimiyya da alli da allo da maƙogwarona. Na kore su da lallashi, na kore su da tsawa, na bi iyayensu gida-gida har aka fara ɓuya in an hango ni. Da sun ga hulata daga nesa sai su fito su watse cikin dawa, ina ba da baya in ji tsundum a bayana.

Ba son faɗa ya sa ni ba. Tsargiya ce ta ishe mu. A garinmu in yaro ya fara fitsarin jini sai tsofaffi su yi murmushi su ce ya fara zama namiji. Haka aka ce wa yayana, haka aka ce mini. Ni Allah ya sa na sha magani sa'ad da na je karatu. Yayana kuwa a cikin ruwan ya ƙare rayuwarsa, yana ban-ruwa ba takalmi, har cikinsa ya kumbura, ya fara aman jini. Likitan da ya duba shi a ƙarshe ya ce mini tsutsar ruwa ce, ta fata take shiga, ta daɗe tana cin hantarsa. Ya bar ɗa guda, ni da Inna, mahaifiyarmu, muka riƙe shi, kuma a shekarar da muka je birni yana cikin ajina. Sau biyu ina kai yaron nan ana ba shi ƙwayoyi yana warkewa, sau biyu yana komawa tur'a ya kwaso ta sabuwa.

Na san bakina ba zai hana kowa ba. Amma a garinmu in dattawa suka zauna suka ce an hana abu, to an hana. Sun taɓa hana saran itace a maƙabarta, har yau ko ƙirare babu mai tsinta a wurin. Don haka wata Juma'a bayan an sauko na same su a gindin dalbejiyar masallaci, na durƙusa, na roƙe su su hana yara shiga ruwan, a kuma mai da wanki wajen famfo.

Shehun gari, wato mai garinmu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ustaz, wanga ruwa tun zuwan kakanninmu daga yamma shi aka sha. Ka ce akwai abu ciki. Mu dai ba mu gani ba."

Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ido ba ya ganinsa. Sai da madubi na musamman."

"To, nemo madubin. In an gani, mu mun san abin yi."

Suka ma zaɓi wanda zai gani a madadinsu: tsohon gafir, wato mai gadin ruwa, wanda ya tsufa yana buɗe ƙofofin tur'a yana rufewa. Duk garin an san shi da abu ɗaya, ba ya faɗin abin da idonsa bai gani ba. Ko rigimar iyakar gona ta tashi, shi ake kira. Na yi murna da zaɓin nan ƙwarai, don in ya ce ya gani, magana ta ƙare.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin gidan kimiyya na yara a birni. Ya ce makarantu na zuwa, a zaga da yara, sannan a shigar da su ɗakin gwaji kowa ya taɓa kaya da hannunsa, har da madubin nan da ake kira mijhar. Shekara biyu na yi ina rubuta takardu. A ce ba a gani ba, in sake. A ce layi ya cika, in sake. Na nemo izinin ofis, na nemo izinin iyaye, na nemo mai lori, na sake nemo wani da na farkon ya fasa. Ran da amsa ta zo ban ma iya murna sosai ba, gajiya ta riga ta cinye rabin murnar. Takardar ta ce kowane yaro ya zo da abin da yake son gani a madubi, ko ganye, ko ɓawon albasa, ko ruwa.

Ni na san ita tsutsar kanta da wuya a dace da ita cikin ɗigo ɗaya. Amma na kuma san ruwan tur'armu cike yake da ƙananan halittu masu motsi. Abin da nake so kawai tsohon nan ya sa ido ya ga ruwan ba fanko ba ne, sauran bayani ya biyo baya.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, na kwashi yaran, su talatin da 'yan kai, zuwa bakin tur'a, kowa da kwalbarsa. Na kai su daidai inda suke wanka, inda gansakuka ta yi kore. Da idona na ga kowa ya cika. Na ce kowa ya naɗe tasa da tsumma sosai, kada zafin mota ya kashe abin da ke ciki, kada kuma wani ya buɗe sai na ce. Tawa ta fi ta kowa muni, har da 'yan katantanwa biyu na jefa a ciki. Na ajiye ta a rumfar tsakar gida, na hau keke na tafi ƙauyen gaba in tabbatar mai lorin nan na biyu bai canza zuciya ba shi ma.

Da asuba muka tashi. Tsohon gafir ya zo cikin farar jallabiya da rawani, da sandarsa, aka ba shi gaba kusa da direba. Ni da wata malama muka hau baya da yara. Ba mu yi nisa ba uku suka fara amai, amai kuwa in ya fara a bayan lori sai ya zaga kowa. Taya ta fashe bayan mun wuce garin Sinja. Aka tsai da mu a shinge ana ƙirga yara, aka sake tsai da mu a wani aka sake ƙirgawa, kamar wani zai ƙaru a hanya. Wata yarinya ta yar da takalminta ɗaya, ta yi ta kuka har muka shiga gari. Muka iso rana ta take, kaina na sarawa, rigata na warin kisra, siririyar wainar dawa, da wani yaro ya mayar mini a jiki.

Yara kuwa suna shiga gidan nan suka manta da duk wahala. Akwai wata ƙwallon ƙarfe da in ka ɗora hannu gashinka ya miƙe, yaran maza suka yi ta dariya har da faɗuwa. Akwai ƙwarangwal ɗin mutum a tsaye cikin gilashi, tsohon gafir ya tsaya gabansa ya yi masa addu'a, sai da ma'aikaci ya rantse masa na roba ne. Akwai ɗaki mai duhu da aka zuba taurari a rufinsa. Yaranmu da suka saba kwana a tsakar gida suka fara nuna wa mai bayani tauraruwar da ke fitowa kafin shuka. Ya kamata in tsaya in ji daɗin wannan, amma ina! Sai kora su nake yi: ku wuce, ku yi sauri, kai bar wannan. Hankalina duk yana ɗakin gwaji. Abin yana damuna har yau, don yawancinsu wannan ce fitarsu ta farko, ni kuma na yi musu ita kamar kiwon awaki.

A ɗakin gwajin wata matashiyar malama ce ta karɓe mu, da farar riga a kan tufafinta, mai fara'a. Larabci take yi, yaran kuma nan suka fi kauri, don wasunsu Hausar ma sai a gaban kakanni. Ta zaunar da su biyu-biyu, kowane biyu da madubinsu. Ta nuna musu yadda ake ɗiga ruwa a kan ɗan gilashi, a rufe da wani siriri, a murɗa a hankali har hoto ya fito. Ni na ja wa tsoho kujera gaban madubin da ya fi kowane girma. Ya jingine sandarsa, ya gyara zama.

Ta ce, "To, kowa ya fito da abin da ya kawo."

Aka fara warware tsummoki. Kwalbar farko da na hango, garau. Na ce a raina wannan ta kwanta ne a hanya. Ta biyu garau. Ta uku haka. Aka fara buɗe murafe, sai ɗakin ya gauraye da ƙanshin turaren wuta, irin wanda matanmu ke yi wa tulu. Na wawuri jakata na zaro tawa. Sai a lokacin na lura ba tsummana ba ne a jikinta, wani farin ƙyalle ne wankakke na Inna. Na warware. Babu kore, babu katantanwa. Ruwa ne da za ka iya karanta takarda ta cikinsa.

Na kama hannun ɗan yayana na ja shi gefe. "Mene ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Baffa, Kaka ce."

"Kaka ta yi me?"

"Da ka tafi wajen mai lori ta ga kwalbarka. Ta tambaye ni, na faɗa mata. Sai ta aika aka kira matan unguwa, kowa ta zo da ta ɗanta. Suka zubar, suka wanke kwalaben da toka. Suka ɗebo wani, suka daka ƙwayar zogale suka zuba ya kwanta, suka tace da ƙyalle, suka tafasa, suka juye a tulun baƙi ya huce."

"Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Ta ce in na faɗa ba ni ba ita. Ta ce ba za a ɗauki ƙazanta a kai birni a ce daga garinmu ta fito ba."

Na sakar masa hannu. Kuma abin haushin, na gane. A gidajenmu ba a ba baƙo ruwan da muke sha. Akwai tulu dabam, da ake kwantar da ruwansa da zogale, a tace, a turara, ko da kuwa ruwan laka masu gidan suke sha. Matar da ta miƙa wa baƙo ruwa mai duhu, za a daɗe ana zancenta. Balle mutanen birni, waɗanda tun muna yara muke jin abin da wasunsu ke faɗa a kanmu, wai mu baƙi ne masu ƙazanta, ko da a nan aka binne kakanninmu. Iyayen nan mata sun ji za a sa ruwan garinsu a gaban masu ilimi a ƙura masa ido. Shi ya sa suka yi masa abin da ko baƙo ba su saba yi wa ba, suka haɗa da tafasawa. Ni da aka haifa a gidan, ni ya kamata in hango wannan tun kafin in hau keke.

Malamar ɗakin gwajin ba ta san abin da ake ciki ba. Ta ɗaga kwalba ɗaya ta duba ta taga, ta ce, "Masha Allah! Makarantun ƙauye da yawa sun zo nan, ban taɓa ganin ruwa mai tsabta haka ba." Yara suka kalli juna suna washe baki.

Aka ɗiga, aka murɗa. Kowa farar da'ira yake gani. Wani ya ga kumfar iska ya yi ihu, ta ce masa iska ce. Wata ta ga zaren ƙyalle. Tsohon gafir ya tura rawaninsa baya, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya duƙa. Ya daɗe. Ya ce a canza masa da ta wani yaro, aka canza. Ya ce a kawo ta Ustaz da kansa, aka kawo. Kwalba biyar ya duba, bai yi gaggawa ba, gaskiya ya yi aikin da aka aiko shi.

Ya ɗago ya ce, "Ustaz, haske kawai nika gani."

Na fara yi masa bayani. Ita kuwa malamar, ganin darasi zai mutu mata a hannu, sai ta ce kada kowa ya damu, tana da nata. Ta buɗe kabad ta ɗauko wata babbar kwalba mai ruwa kore shar, ta bi tebur-tebur tana ɗiga wa kowa. Kafin in tsai da ita, yara sun riga sun duƙa kan madubai.

Nan ɗaki ya kaure. "Wayyo, yana tafiya!" "Ga wani mai gashi!" "Ustaz, zo ka ga, wannan ya haɗiye ɗan'uwansa!" Abin da na yi shekara biyu ina son ji ke nan, ga shi ina ji, kuma ji nake kamar in toshe kunne. Tsoho ya duƙa ya duba. Ya yi baya da sauri har kujera ta yi ƙara.

"A'uzu billahi! Wanga daga ina?"

Na fassara mata, ta ce, "Daga wani ɗan kududdufi ne a bayan ginin nan, Baba."

Ya dube ta da tausayi sosai, ya ce cikin Larabcinsa na tsofaffi, "Ɗiyata, ku yi hankali da ruwan garin ga. Ku nemi zogale."

Na ja ta gefe na faɗa mata komai cikin minti biyu. Fuskarta ta canza. Ta koma wajen tsohon, ta durƙusa kusa da shi, ta ce masa ruwan tur'a ma haka yake, ko ya fi, tafasawar ce ta kashe komai, kuma ciwon nan ta fata yake shiga. Ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce, "Kin taɓa zuwa garinmu?"

Ta ce a'a.

Ya ce, "To."

Na roƙe ta a ba mu wata rana. Ta buɗe littafinsu ta nuna mini, babu gurbi sai wata shekara. Na roƙi aron madubi ɗaya na kwana uku, na ce zan bar katin shaidata, zan bar duk abin da suka ce. Ta ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, kayan ba sa fita ƙofa, kuma na ga har ranta ba ta so ba.

A hanyar dawowa, da muka tsaya salla, na zauna kusa da tsohon na sake gwadawa. Na ce, "Baba, ka ji dai abin da mata suka yi. Ba ruwan tur'a ka duba ba."

Ya ce, "Na ji, kuma na san ba ka ƙarya. Zan faɗi ka ce hakanan. Amma ɗana, ni an aiko ni in gani, ba in jiyo ba."

Washegari da safe na sami Inna tana dama kunu. Tun daga fuskarta na san labari ya riga ni, jikanta ya gaya mata abin da malamar birni ta ce, sai wani annuri take yi. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Na ce ta rusa mini aikin shekara biyu. Na ce saboda kunyar mutanen da ba su san sunanta ba ta mai da yaran gari cikin ciwo. Na ce ruwan nan da take rufa wa asiri shi ya kashe mata ɗa.

Ta ajiye ludayin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

Ta ce, "Ni na haife shi, ba kai ba. Ni na fara kai shi bakin tur'a a bayana, ni na zaunar da shi a ruwan yana wasa ina wanki. Kana son ka tara gari a gwada musu da madubi cewa ni na kai shi?"

Ta ɗauki ludayinta ta ci gaba da damu, ni na fita ban sha kunun ba.

Juma'a ta zagayo. Aka zauna a gindin dalbejiya, aka ce gafir ya faɗi abin da ya gano. Ya miƙe ya faɗa tsaf, bai ƙara ba bai rage ba. Ya duba kwalba biyar na garinmu, bai ga komi ba. Ya duba ruwan birni, ya ga halittu na yawo kamar kasuwa. Ustaz ya ce mata sun tafasa namu, shi dai bai ga sa'ad da aka tafasa ba. Ya zauna.

Na nemi izini na yi magana. Na ce a kira matan a tambaye su. Wani dattijo ya ce ba za a tsai da iyayenmu mata gaban maza a kan sun tsabtace ruwa ba, aka yi ta gyaɗa kai. Shehu ya ce, "Ustaz, kai ka zaɓi madubi, kai ka zaɓi rana, mu muka ba ka mutum. Ba mu hana ka neman wata rana ba. Amma yau ba mu da abin da za mu ce wa mutane." Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.

Wata ranar ba ta samu ba. Na sake rubuta takarda, kafin amsa ta zo ƙasar ta rikice, hanyoyi suka rufe, zancen kai yara birni ya zama abin da ko a baki ba a faɗa.

Amma wannan daga baya ne. Ran Juma'ar nan, daga masallaci ban nufi gida ba, ƙafata ta ja ni bakin tur'a. Zafi ake yi mai tsanani. Tun daga nesa nake jin hayaniyarsu, sun fi na kullum yawa, har da ƙananan da ba su shiga makaranta ba, an riƙo musu hannu. Suka hango ni. Babu wanda ya fito, babu wanda ya gudu. Ɗan yayana yana tsakiya, ruwa iya ƙirjinsa. Ya share fuska, ya ɗago mini hannu yana dariya, ba da rashin kunya ba, shi a ganinsa albishir yake mini.

"Baffa! Ai an duba! Namu ba komi a ciki!"